Ƙwaya Biyu, Ƙarfe Bakwai

Wata tara da rasuwar Yaya, amma har yau shi yake ba Mama magani.

Kwamfutarsa tana kan teburin ɗakinta, tsakanin fulas ɗin shayi da kwalbar man zafi. Tsohuwa ce. Harufa biyu sun fita daga madanninta, murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da littafi. Ba a taɓa kashe ta ba tun ranar da ya kunna ta. Ya haɗa ta da wani ƙaton batir a ƙarƙashin gado saboda ɗauke wuta, ya hana ta barci, ya buɗe shafi guda ya bar shi. Shafin fari ne tas, da lamba ɗaya baƙa a tsakiya, girman tafin hannu, yadda ko idon Mama da ya yi hazo zai gani. Bakwai na safe da bakwai na yamma ƙararrawa takan kaɗa sau ɗaya, sai muryarsa ta fito.

"Mama, sannu da hutawa. Lokacin magani ya yi, kada ki ce min kin manta." Sai ɗan shiru. "Ƙwaya biyu."

"Na ji, sarkin naci," Mama takan ce, kamar yana tsaye bakin ƙofa. Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta ciro kwalba, ta zazzage biyu a tafin hannu, ta kora da ruwa.

Auta ya daina shiga ɗakin a wannan lokaci. Shi ne ƙaramin gidan, shekararsa ashirin da huɗu, yana aiki a shagon buga takardu, kuma daga shi sai Mama suka rage a gidan. Da safe yakan fita kafin ƙararrawa. Da yamma yakan tsaya wanke hannu a famfo, ya saki ruwa da ƙarfi, tawada ta fita tuntuni amma yana ta cuɗawa. Duk da haka muryar takan iso shi. A watannin farko bakwai daidai take zuwa. Yanzu ta koma bakwai da minti uku. Agogon cikin shafin yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan, kamar mai tahowa daga wurin da kullum yake ƙara nisa.

Yaya mai rubuta shafukan intanet ne a wani ƙaramin kamfani. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Wannan shafin a safiya ɗaya ya haɗa shi, sati biyu kafin ya kwanta, saboda Mama ta fara mantuwa: yau ta sha magani sau uku, gobe ko sau ɗaya ba ta sha ba.

Ranar Litinin ta faɗi a banɗaki.

Ba ta karye ba, sai goshi da ya kumbura. Likita ya daɗe yana duban takardar gwaji kafin ya ɗago. Ya ce ƙodarta ta gaji, ba ta fitar da maganin kamar da, yana taruwa a jiki yana saukar da bugun zuciya. Daga yau ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

"In aka ci gaba da biyun," ya ce, yana kallon Auta ba Mama ba, "faɗuwa ta gaba ba lalle ta tashi ba."

Mama ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta sa masa albarka. Kafin su kai bakin titi ta manta. Da yamma ƙararrawa ta kaɗa, ta sha biyu.

Washegari Auta ya ɗauki hutu a shago. Ya karɓe kwalbar, ya zauna gefen gado, da ƙararrawa ta kaɗa ya sa mata ɗaya a hannu. Ta bar hannun a buɗe.

"Saura ɗaya."

"Likita ya ce ɗaya, Mama."

"Wane likita? Kai kurma ne? Ba ka ji abin da yayanka ya ce ba?"

Ya hana. Ta ajiye ɗayar ma, ta juya wa bango fuska, ranar ko shayi ba ta taɓa ba. Da yamma ya rage muryar kwamfutar har ƙasa, don kada ta ji. Ta zauna bakin gado tun bakwai saura, hannu a cinya, tana jira. Bakwai da rabi ta ce, "Yau bai zo ba. Ko lafiya?" Ta faɗe shi a hankali, irin yadda ta faɗa a asibiti ranar da aka hana ta shiga wurinsa. Auta ya tashi ya mayar da muryar. Daga baya ya gano akwai wasu ƙwayoyin ƙulle a bakin ɗankwalinta, kuma bai san ko akwai wasu a wani wurin ba.

Yana da muryar a wayarsa, ya ɗauka tun wata na biyu. Ya yanke ƙarshenta ya kunna mata.

"Wannan hoto ne," ta ce. "Waccan kuwa shi ya kunna da hannunsa. Ba wanda ya taɓa ta."

Bai yi gardama ba. Shi ma ya san bambancin, ko da yake ba zai iya faɗarsa ba. Duk abin da Yaya ya fara a duniya ya tsaya, ban da wannan.

A ƙasan shafin akwai wani ɗan akwati da aka rubuta adadi a gefensa, da lamba biyu a ciki. Kusa da shi maɓallai biyu: ɗauki murya, da fara. Auta ya san fara. Shi ne yake share komai ya soma daga farko, kuma Yaya bai ajiye muryoyin a ko'ina ba, a cikin shafin kawai suke zaune. Bai je kusa da shi ba. Ranar Laraba da safe ya goge biyu ya sa ɗaya. Nan take babbar lambar tsakiya ta koma ɗaya. Ya tsaya yana kallonta. Ashe abin ba wuya.

Da yamma ya shiga ɗakin da kansa, ya jingina da ƙofa. Ƙararrawa ta kaɗa. Yaya ya gaishe da Mama. Sai a gaban idon Auta ɗayar nan ta ɓace, biyu ta dawo mazauninta, baƙa ƙirin.

"Ƙwaya biyu."

Ɗan akwatin ƙasa har yanzu ɗaya yake nunawa.  Auta ya san ba aljani ba ne. Amma ya kasa ɗauke ido daga allon.

Yaya ya taɓa koya masa ɗan abu, lokacin da ya gama sakandare yana zaman gida: yadda ake buɗe ƙofar baya ta shafi, inda ake ganin rubutun da ke tafiyar da shi, har a ba shi umarni yana kan aiki. Bai wuce wata biyu yana koyo ba ya watsar. Ranar Alhamis da rana, Mama na barci, ya ja kujera ya buɗe ƙofar bayan. Rubutun bai kai layi sittin ba. Yaya da Hausa yake raɗa wa abubuwansa suna, don haka bai sha wuyar gano layin ba:

setInterval(tunatar, awa12, murya, adadi)

Ya gane wannan. Agogo ne mai maimaitawa: duk awa goma sha biyu a kira aikin da ake ce wa tunatar, a ba shi murya da adadi. To, in wannan ya ƙi jin magana, sai ya kafa nasa a gefensa, ya ga ko zai yi. Ya rubuta nasa layin, ya sa baka, wato alamar nan ( ), a gaban tunatar, ya cusa murya da lamba ɗaya a ciki, yadda ya tuna ana kiran aiki. A ransa sai bayan awa goma sha biyu zai motsa, kafin nan ya yi tunanin abin yi. Ya danna.

Ƙararrawa ta kaɗa. Ƙarfe uku da kwata na rana.

Aka yi tari a cikin lasifikar. Aka ja kujera. Sannan Yaya ya yi magana, kusa sosai, ba da muryar da yake yi wa Mama ba.

"Gwaji, gwaji. Auta! Kai Auta! Zo ka ga yadda ake yi, don wata rana."

Daga nesa, ta bayan ƙarar famfo, wata murya ta amsa. "Ina zuwa."

Yaya ya yi 'yar dariya ta hanci. Shi ke nan. Lamba ɗaya ta hau allo, ba wanda ya faɗe ta.

Auta bai san tsawon lokacin da ya yi a zaune ba. Ya tuna safiyar. Wanke takalmi yake yi, bai zo ba. Ƙarar murfin wata kwalba da bai san da ita ba ce ta juyo da shi. Mama ta tashi zaune, ido rabi a rufe, ƙwaya biyu a tafin hannu, tana laluben kofi. Ya yi tsalle ya riƙe wuyan hannunta, da ƙarfin da bai yi niyya ba.

"Sake ni! Ya kira."

"Bai kira ba, Mama. Ni ne. Lokaci bai yi ba."

"Na ji shi da kunnena. Kai yake kira ma. Me ya hana ka zuwa?"

Anti ta zo da la'asar. Ita ce babbarsu, malamar firamare, tana aure a ɗaya ƙarshen gari, kuma kowa a duniya ɗan aji uku ne a wurinta. Ta ga shatin yatsu a hannun Mama, ta ja Auta zuwa kicin ta rufe ƙofa.

"Injiniya. An ce ka tayar da matattu da rana tsaka."

"Kuskure ne."

"Kuskure. Da ba ka ɗakin fa? Huɗu ke nan kafin magariba, shida kafin ta kwanta." Ta ɗaga yatsu tana nuna masa. "Ka iya lissafi ko in kawo maka tsakuwa?"

Ba ta jira amsa ba.

"Yayan naka, ni ma ƙanena ne. Ni na goya shi, kai ba a ma yi tunaninka ba. Amma ba zan zuba ido wanda ya mutu ya ja mai rai ba. Asabar da safe zan zo da kayana in kwana biyu. Zan zare wayar nan. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta zage ni. Mai zagi dai da rai yake zagi."

"In ta daina ci fa?"

 Anti ta ɗauki soso ta hau wanke kofin da yake a wanke.

"Kana da gobe," ta ce. "In kana da dabara, ka yi. Amma kada ka ƙara danna abin da ba ka sani ba."

Ranar Juma'a da safe, bayan sun gama kokawar ƙwaya da Mama, ya tafi ofishin su Yaya. Hawa na biyu ne, saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ɗaya dogo, tebura shida, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. A teburin Yaya yanzu na'urar buga takarda aka ɗora. Amma tabon kofinsa yana nan a katakon, zagaye a kan zagaye.

Abokin aikinsa, wanda kowa ke ce wa Tabarau, yana cin burodi a kan madannai. Ya ga Auta ya miƙe da sauri har burodin ya faɗi.

"Kai! Ka rage tafiya irin tasa mana. Saura kaɗan in bi ta taga."

Auta ya ba shi labari a gajarce, ya miƙa masa wayarsa da hotunan rubutun. Tabarau ya tura tabaransa goshi, ya kawo wayar dab da hanci. Ya daɗe. Ya yi murmushi a wani wuri, ya share ido a wani.

"Shege ɗan gaggawa. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa gama abu ba sai da rami a ciki." Ya ajiye wayar. "Zauna. Ka ga agogon nan? Ɗan aike ne, kuma kurma. Ranar da yayanka ya danna fara, ya damƙa masa abu biyu, murya da lamba, ya nuna masa ƙofa, ya ce duk awa goma sha biyu ka kai waɗannan can. Abin da yake cikin durowa a wannan safiyar shi ya ɗauka ya sa a aljihu. Kai kuma shekaranjiya ka zo ka canza abin da ke durowa. Ina ruwan ɗan aike da durowa? Bai ƙara leƙa ta ba, ba zai leƙa ba har abada."

"Shi ya sa biyun take dawowa."

"Shi ya sa. Ba fatalwa ba ce, ragwanci ne. Da ya naɗe kiran a cikin wani ɗan aiki da zai riƙa leƙa durowar duk zuwa, da ba ka zo nan ba. Layi ɗaya. Na sha faɗa masa."

"Jiya fa? Me ya sa ya yi magana nan take?"

"Nuna min abin da ka rubuta." Ya duba, ya dafe kai. "Gado ne ashe. Ka sa baka a gaban sunan. Baka na nufin yi yanzu. Maimakon ka nuna wa ɗan aike ƙofa, kai ka je da kanka ka ƙwanƙwasa, ka dawo ka ba shi iska ya riƙe. Kowa ya taɓa yi. Ni sau biyu, har da na gaban oga."

"Amma ba gaisuwar Mama ta fito ba. Ni yake kira."

Tabarau ya daina dariya. Ya koma kan hoton, ya bi layi da farce.

"Durowa ɗaya ya yi wa muryar. Duk sabon ɗauka yana danne na baya. Ya ɗauki gaisuwar, ya ba ɗan aike, daga baya ya sake taɓa maɓallin. Abin da ka ji shi ne na ƙarshe da ya ɗauka. Gaisuwar ba ta durowa tun wata tara. A aljihun ɗan aike kawai take." Ya sauke tabaran kan hanci. "Ka gane? Taurin kan da ya hana biyu ta zama ɗaya, shi ya hana gaisuwar ɓacewa."

Fankar da ke aiki tana ta ƙyaƙƙyaƙ. A ƙasa wani yana dukan taya da guduma.

"Hanyar gaskiya," in ji Tabarau, "a sallami wannan a ɗauki sabo. Muryar ma in an matsa ana iya zaro ta a ajiye."

"Ba muryar ba ce."

"To mece ce?"

"Shi ya kunna."

Tabarau ya dube shi. Ya sake jawo wayar.

"Ɗan aiken ba ya canzuwa. Ƙofar ma ya riƙe ta, ko ka rubuta sabon tunatar tsohon zai je. Amma duba nan." Ya faɗaɗa hoton. "A cikin ɗakin, bayan an kunna gaisuwa, ana kiran wani, fadiAdadi. Shi ba a aljihu yake ba. Duk zuwa sai an ɗaga murya an kira sunansa, wanda ya amsa shi ne shi. Ka zaunar da naka a kujerar. Za a miƙo masa biyu, ya karɓa ya ajiye gefe, ya leƙa durowa ya faɗi abin da ya gani."

"Zai yi?"

"Zai yi. Saura matsala ɗaya. Lambobin da ya ɗauka biyu ne kawai, ƙwaya biyu da ƙwaya uku. Bai taɓa cewa ɗaya ba. Sai wani ya faɗa."

"Ka zo ka yi min."

"A'a." Ya girgiza kai da sauri. "Wallahi a'a. In hannuna ya zame na sabunta shafin nan, da wane ido zan kalli Mama? Kai aka kira, ba ni ba." Ya ga fuskar Auta, ya yi saurin yagar takarda. "Zan rubuta maka. Harafi-harafi. Ka cire lasifika ka sa abin kunne kafin ka gwada komai. Kuma don girman Allah ka bar baka inda na sa ta."

Biyar ta wuce ya isa gida. Ya kai Mama tsakar gida ta sha iska, ya ce zai share ɗakin. Ya rufe ƙofa, ya zare wayar lasifika, ya sa abin kunne. Takardar Tabarau layi bakwai ce, da maiƙon burodi a gefe. Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana duba kowane harafi sau biyu, ɗayan hannun a ƙarƙashin cinyarsa don kada ya yi yawo. Harafin da ya fita daga madannin sai da ya danna ɗan ƙullun robar da farce. Gumi ya sauko masa har gira.

Saura muryar. Ya danna ɗauki murya.

"Ƙwaya ɗaya."

Ya saurara. Kamar mai neman gafara. Ya sake. Wannan kuma kamar ɗan sanda. Ya sake, yana kwaikwayon Yaya, yana jan ƙarshen kalma yadda yake ja, sai abin ya fito kamar ba'a, kunya ta kama shi shi kaɗai a ɗaki. A na biyar ya faɗa da muryarsa kawai. Ya sa ta a jerin lambobi kamar yadda takarda ta ce, ya kira fadiAdadi da hannu, ya miƙa masa biyu da gangan. A kunnensa aka ce ƙwaya ɗaya, lamba ɗaya ta hau allo.

Ya kira Tabarau ya faɗa masa.

"Madalla! Ka ga jini ba ya ƙarya. Na bayan fa, ka kwashe shi gefe kafin ka ɗauka ko? Wanda yake kiranka."

Auta ya kalli maɓallin.

"Auta? Na manta ban rubuta maka ba. Layi ɗaya ne. Ka dai kwashe?"

Durowa ɗaya. Duk sabon ɗauka yana danne na baya. Da kunnensa ya ji an faɗa da safe. Sau biyar ya danna.

"Auta."

"Ina ji," ya ce, ya kashe wayar.

Ya zauna. Ya nemi tarin nan a kansa, da jan kujerar, da 'yar dariyar hanci. Suna nan, amma har sun fara komawa irin yadda yake tunawa, ba yadda suke ba. Wata tara abin yana zaune a ɗakin nan yana jiransa. Sau ɗaya ya ji.

Bakwai saura kwata ya mayar da wayar lasifika, ya shigo da Mama. Ta zauna bakin gado ta gyara ɗankwali, kamar mai jiran baƙo. Ya ba ta kwalbar a hannunta, cike. Ta juya ta tana mamaki.

"Yau kuma an yafe min?"

"Taki ce."

Ya cika kofi ya ajiye. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya inda hannunsa zai kai gare ta da taku biyu. Hasken yamma ya rage a labule. Bakwai ta yi. Da minti ɗaya. Da biyu. Ya fara tunanin ko ya taɓa wani abu da ya kashe agogon, ko Anti ba sai ta wahalar da kanta ba.

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Mama, sannu da hutawa. Lokacin magani ya yi, kada ki ce min kin manta."

Ɗan shirun nan. Bai taɓa sanin yana da tsawo haka ba.

"Ƙwaya ɗaya."

Muryarsa ta fi ta Yaya kauri, kuma ta fi ta kusa. Ko jariri ya san ba mutum ɗaya ba ne.

Mama ba ta ce na ji ba. Ta karkata kai wajen teburin, tana jiran ko da saura. Babu. Ta buɗe kwalba ta zazzaga, biyu suka faɗo, kamar yadda hannun ya saba. Ta tsaya tana taɓa su da ɗan yatsa. Auta ya ɗaga ƙafa ɗaya.

"Wa ya ƙarasa masa?"

"Ni ne, Mama."

"Shi ya ce ka faɗa?"

Ƙarya tana bakinsa, a shirye. Ya haɗiye ta.

"Ya kira ni in ga yadda ake yi. Ban zo ba sai yau."

Ta daɗe tana kallon wajen da yake tsaye, da idon da bai tabbata yana ganinsa ba.

"Kullum haka kake. A kira ka da safe, ka zo da yamma."

Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ta laluba bakin kwalbar ta jefa. Ya ji ƙarar faɗawarta. Ɗayar ta kai baki ta kora da ruwa, ta goge leɓe da bayan hannu.

"Gobe ka buɗe baki da kyau," ta ce. "Yayanka ba ya cin magana."

"An riga an ɗauka, Mama. Haka za ta riƙa fitowa."

"To ka tsaya a nan ka maimaita."

Ya ce to. Ya ɗauki kofin ya fita. A bakin famfo ya rubuta wa Anti: ta sha ɗaya, ki zo amma kada ki taɓa wayar. Amsa ta zo nan take: sai na gani da idona, injiniya.

Bai buɗe ruwan ba. Ta taga yana hango allon, lamba ɗaya a tsakiyar fari. Gobe da safe ɗan aiken zai sake zuwa da biyunsa a aljihu, ya miƙa, a karɓa a ajiye gefe, bai sani ba. Auta ya buɗe agogon wayarsa ya sa ƙararrawa bakwai saura biyar. Sannan ya rubuta wa mai shago cewa daga gobe zai riƙa makara.